Daga Bola Zuwa Dandali: Shin Sharar Masana'antu Za Ta Iya Zama Filin Wasan Yara?

A garuruwan masunta na bakin teku, inda gida ke manne da gida kuma ruwa ya cinye sauran fili, an daɗe ana neman inda yara za su yi wasa ba tare da sun faɗa ruwa ko sun taka ƙugiya ba. Ɗaya daga cikin dabarun da suka samu karɓuwa ita ce a tattara abin da masana'antu da tashoshin jiragen ruwa suka yar, kamar tsofaffin tayoyi da gangunan roba da igiyoyin jirgi da katakan ɗaurin kaya, a gina wa yara lilo da abin hawa da wurin tsalle. Ana cewa an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: an rage shara, yara kuma sun samu wurinsu.

Saulawa, a ƙaramar hukumar Ikara, ba ta san teku ba. Haka Makarfi da Kudan. Masuntan wannan yanki na rafuka ne da madatsun ruwa, kuma akasarin jama'a manoman masara ne da rake da tumatir da barkono. Amma tambayar da ta taso a bakin teku ta iso nan ma, domin dandali yana ƙanƙancewa, kayan masana'antu da suka gama aiki suna taruwa, kuma babu ƙaramar hukumar da za ta sayo wa kowane ƙauye lilon kamfani. Abin da wannan sharhi yake son nunawa shi ne, samun kayan ginin shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Wahalar tana wajen rarrabe sharar da ba ta cutarwa da wadda take kisa, da samun filin da ba za a sayar ba, da samun wanda zai kula da wurin bayan an tashi daga bikin buɗewa.

Inda dabarar ta samo asali

A 1931 wani mai tsara lambuna ɗan ƙasar Denmak, Carl Theodor Sørensen, ya lura cewa yara sun fi son wasa a wuraren da ake gini da inda ake jibge tarkace fiye da filayen da shi da abokan sana'arsa suke ƙawata musu. Sai ya ba da shawarar a keɓe fili, a zuba katako da tubali da tsofaffin kaya, a bar yara su gina abin da suka ga dama. An buɗe irin wannan fili na farko a 1943 a unguwar Emdrup ta birnin Kopanhegan, lokacin da sojojin Jamus suke mamaye da ƙasar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wata Baturiyar Ingila, Lady Allen, ta kai dabarar ƙasarsu, aka riƙa yin filayen a kangayen da bamabamai suka bari. Akwai abu guda da masu kwaikwayo suka fi mantawa da shi: tun ranar farko filin Emdrup yana da babban mutum da aka ɗauka aiki don ya zauna da yaran.

A wannan zamani dabarar ta fi ƙarfi a ƙasashe masu tasowa. A Indiya ƙungiyar Anthill Creations, wadda wasu ɗaliban zanen gine-gine suka kafa, ta gina ɗaruruwan filayen wasa da tsofaffin tayoyi da gangunan mai. A Yuganda wata ƙungiya ta fara irin wannan aiki a makarantu tun 2009, daga baya ta shiga sansanonin 'yan gudun hijira. A Ibadan kamfanin Freee Recycle yana niƙa tayoyi yana mayar da su daɓen roba da ake shimfiɗawa a filayen wasa. A jihar Kaduna ma an ga makamancin haka a 2011, lokacin da ƙungiyar DARE ta gina gida a Sabon Yelwa, kan hanyar Zariya, da dubban gorunan roba da aka ɗura wa yashi aka ɗaure da igiya aka yaɓe da ƙasa.

Sai dai yaron Bahaushe bai jira wata ƙungiya ba. Da kara yake ƙera mota, ya fafe ɓargon ya yi ƙafafu, ya soke da sillen ɓawon karan a maimakon ƙusa. Da gwangwanin madara da tsohon silifa yake yin tirela mai ƙafa goma. Tsohuwar tayar babur ita ce garensa, robar cikin taya ita ce danƙonsa, tsumma da leda su ne ƙwallonsa. Yarinya kuwa da ƙashi ko totuwar masara take yin 'yar tsana, da gawayi ko tsinke take zana 'yar gala-gala a ƙasa. Saboda haka duk wanda ya zo da niyyar koya wa mutanen karkara cewa shara tana da amfani ya makara. Sabon abu a nan shi ne girman kayan, da irin gubar da ke tattare da wasunsu, da kuma batun fili na dindindin.

Me ya sa ƙauye zai buƙaci filin wasa?

Wani zai ce ai ƙauye duk fili ne. A da haka ne. Kowace unguwa tana da dandali inda 'yan mata suke gaɗa, samari suke langa da kokawa da farin wata, kuma bayan girbi gonakin bayan gari na kowa ne. Yanzu jama'a sun ninka, an yanka dandali an yi shaguna, noman rani ya kama fadamu, kuma titin da ke tsakiyar gari ya zama na babura da motocin ɗaukar rake da tumatir. Wanda ya san yadda manyan motoci suke gudu a kan hanyar Zariya zuwa Kano, ta wajen Tashar Yari, ya san bakin titi ba wurin yaro ba ne.

Sannan akwai ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 suke mutuwa a ruwa kowace shekara, kuma ƙananan yara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A garin masunta teku ne. A nan kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini ne, da ramin da masu aikin titi suka bari, da rijiyar lambu marar murfi. A Bangaladash, inda ruwa yake kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, an gwada tara yara a wuri guda da safe ƙarƙashin kulawar wata mata ta unguwa, a daidai lokacin da iyaye suke cikin aiki. Bincike ya nuna haɗarin nutsewa ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a tsakanin yaran da suke zuwa. Abin da ya ceci yaran shi ne an san inda suke, kuma akwai ido a kansu.

Ta fuskar doka, sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya sanya wasa cikin haƙƙoƙin yaro. Najeriya ta yi dokarta a 2003, jihar Kaduna ta yi tata a 2018, kuma daga 2024 ranar 11 ga Yuni ta zama ranar wasa ta duniya. Ta fuskar addini ma babu saɓani, domin sananne ne cewa jikokin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sukan hau bayansa yana sujada ya jinkirta musu, kuma Nana A'isha tana da 'yan tsanarta tana wasa da ƙawayenta. Malaman makarantar allo ma sun ware Alhamis da Juma'a don hutun yara tun kaka da kakanni.

Sharar da ke akwai, da masu ita

Idan ana maganar sharar masana'antu, dole a tambayi wace masana'anta. Masaƙun Kakuri da suka fara da Kaduna Textiles a 1957 sun durƙushe tun farkon wannan ƙarni. Michelin ya rufe masana'antar tayarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda aka kafa a 1981, ya sha rufewa da buɗewa. Saboda haka abin da ke isowa ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan ba rarar masana'anta ba ce kai tsaye. Kayan da aka ƙera a wani wuri ne suke zuwa su ƙare rayuwarsu a nan: tayoyin babur da na a-kori-kura da na tirela, jarkokin maganin feshi, buhunan taki, baturan mota da na sola, tiyo na ban ruwa, ledar ruwa.

Masana'antar da yankin yake da ita da gaske ita ce ta mazarƙwaila, kuma ta isa darasi. A bakin gonar rake ana kafa injin matsa, a da doki ne yake zagayawa da shi, yanzu galibi inji ne mai shan mai. Ana tura rake ta gaba, ruwan ya gangara cikin mazubi, tuƙar ta fito ta baya. Ba a zubar da ita. Ana baza ta a rana, idan ta bushe ita ce makamashin da ake turawa ƙarƙashin manyan kaskon da ake dafa ruwan har ya yi kauri a zuba a ƙoƙuna ya daskare. Ganyen kan raken na dabbobi ne, tokar kuma ta koma gona. Masana'antar da ta san aikinta ba ta barin abin da wani zai zo ya kwasa kyauta.

Haka abin yake ga taya. Mai faci ba ya yar da ita. Mai takalmin taya yana so, mai yin guga yana son robar ciki, mai kwalbati da mai rijiya suna so, mahauta suna saye don babbakar kai da ƙafa da ganda, wasu kuma suna ƙonawa don su ciri wayar ciki su sayar wa 'yan gwangwan. Duk ƙarfen da aka ajiye yana da farashi a sikeli, kuma hanyarsa a buɗe take zuwa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Abu biyu suke biyo bayan wannan. Na farko, wanda ya tsara aiki a kan cewa kayan kyauta ne zai sha mamaki, domin sai ya saya ko ya roƙa, sannan ya biya kuɗin mota. Na biyu, filin wasan da aka cika da ƙarfe yana kiran ɓarawo. Tayar da aka binne rabinta a ƙasa ta fi sarƙar lilo daɗewa a wurinta, saboda wahalar tono ta fi kuɗinta.

Manyan kaya, kamar tayar katafila da gungumen katakon da ake naɗe wayar lantarki da guntayen bututun siminti, suna hannun kamfanonin da ke aikin titi da layin dogo da shimfiɗa bututun iskar gas tsakanin Kaduna da Kano. A nan ne hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma zai yi amfani, domin kamfani ba ya miƙa kaya ga wanda bai zo da takarda ba. Amma a nan ne kuma ake buƙatar taka-tsantsan, don kada kyauta ta zama hanyar da kamfani zai sauke nauyin zubar da sharar da doka ta ɗora masa.

Inda shara take zama guba

Tarihin wannan fanni cike yake da gawarwakin yara, kuma bai kamata a yi maganar filin wasa ba tare da an ambace shi ba.

A 1988 aka gano cewa an jibge sama da tan 3,500 na sharar masana'antu mai guba daga Italiya a wani fili a Koko, ƙaramin garin tashar jirgin ruwa a jihar Delta ta yanzu, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Wannan abin kunya ne ya haifar da dokar hukunta masu zubar da shara mai cutarwa da kuma hukumar kare muhalli ta tarayya a cikin shekarar, wadda hukumar NESREA ta gada a 2007. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, na Afirka kuma suka ƙulla ta Bamako a 1991.

Misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Thiaroye-sur-Mer, garin masunta a gefen Dakar ta ƙasar Senegal. Mutanen wurin sun daɗe suna fasa tsofaffin baturan mota suna narka dalmar ciki, wadda masunta suke ɗaurawa a bakin koma don ta nutse. Da farashin dalma ya tashi, mata suka shiga tankaɗe ƙasar wurin suna kai ta cikin gidaje don su tace ɓurɓushin su sayar. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu. Ƙasar da suke rarrafe a kai ce ta kashe su.

Shekara biyu bayan haka abin ya faru a gida. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, saboda ana daka duwatsun zinariya masu dalma a tsakar gida. Kimanin yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa babu adadin dalma da za a ce ba ya cutar da yaro. Kaɗan ma yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma illar ba ta warkewa. Ba ta wari, ba ta sa ƙaiƙayi, yaro yana ɗaukarta ne daga hannu zuwa baki.

Daga waɗannan za a iya fitar da jerin abin da bai kamata ya kusanci filin yara ba, komai kyansa. Batur da duk abin da ya fito daga cikinsa. Jarka ko gangar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko sinadarin da ba a sani ba, domin roba tana shan magani, kuma ƙa'ida ita ce a ɗauraye jarkar sau uku a huda ta don kada a sake zuba komai a ciki. Turakun lantarki na katako da aka jiƙa da baƙin magani. Fasassun kwanon rufin asbesto, wanda ƙurarsa take jawo cutar daji a huhu bayan shekaru. Baƙin mai da man taransfoma. Tarkacen majemun zamani irin na Challawa da Sharaɗa a Kano, masu ɗauke da sinadarin kuromiyam. Katakon ɗaurin kaya ma sai an duba hatiminsa: mai alamar HT da zafi aka gasa shi, mai alamar MB kuwa da hayaƙin guba aka kashe ƙwarinsa, a bar shi. Sai fenti. Fentin mai, musamman rawaya da ja masu ƙyalli da ake so a filin yara, shi ne aka fi samun dalma a ciki. A nemi fentin ruwa, ko wanda aka tabbatar ba shi da dalma. Shi kansa filin sai an binciki tarihinsa: tsohon juji ko garejin da aka yi shekaru ana zubar da ruwan batur ba ya zama wurin wasa don an share shi.

Taya da sharuɗɗanta

Taya ita ce ginshiƙin irin waɗannan filaye, domin duniya tana yar da kimanin biliyan ɗaya kowace shekara, ba ta ruɓewa, gara ba ta cinta, kuma idan yaro ya faɗa a kanta ba ta fasa kai. Amma tana da nata sharuɗɗan. Mai aikin kirki yakan fara da shafa hannu a ciki da waje. Duk wadda wayarta ta leƙo a mayar da ita gefe. Sai a wanke da omo da buroshi har baƙin ya daina fita. Sai a huda manyan ramuka a duk inda ruwa zai iya kwanciya, domin tayar da ta tara ruwan sama gidan sauro ce, musamman nau'in da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi; ta cinikin tsofaffin tayoyi ne ma wani sauro ɗan asalin Asiya ya bazu a duniya. Wadda za a binne a cika cikinta da ƙasa a daddale, kada ta zama maɓoyar kunama da maciji. Wajen haɗa biyu, kan noti ya kasance ta ciki, da faffaɗan wasa a kowane gefe don kada robar ta yage.

Akwai ƙa'idoji biyu da ƙasashen da suka daɗe a harkar suka koya da tsada. Faɗuwa ita ce take jawo yawancin raunuka, don haka a rage tsawo, a kuma zuba yashi mai zurfin kusan taƙi ɗaya da rabi, wato santimita 30, a ƙarƙashin duk abin hawa. Sannan kada a bar kafa mai faɗin tsakanin santimita 9 da 23, domin jikin ƙaramin yaro yana wucewa kansa ya maƙale. A ƙara da namu: a watan Maris da Afrilu baƙar roba da farantin ƙarfe suna iya sale fata, saboda haka filin da ba shi da inuwar darbejiya ko mangwaro rabin yini kawai zai yi aiki.

Niƙaƙƙiyar taya kuwa maganarta daban. Tarayyar Turai ta taƙaita yawan wasu sinadarai masu haɗari a cikinta, kuma ta yanke shawarar daina sayar da ɓurɓushin da ake zubawa a filayen ƙwallo daga 2031. A 2020 masu bincike a Amurka suka gano cewa wani sinadari da ke wankuwa daga taya shi ne yake kashe wani nau'in kifi a rafukan jihar Washintan. Ga garin da ke ci daga ruwa, ko a bakin teku ko a bakin kogin Galma, wannan dalili ne na nisantar da tarin tayoyi daga gaɓa, da barin taya a yadda take maimakon a niƙa ta.

Fili da mai kula

A 2013 wani masanin zanen gine-gine, Kunlé Adeyemi, ya gina makaranta mai hawa uku a kan ruwa a Makoko, unguwar masunta ta Legas. Tana yawo ne a kan gangunan roba 256, kuma benen ƙasa fili ne na wasa da taruwa. Hotonta ya zagaya duniya, ta ci lambobin yabo. A watan Yuni na 2016 ta rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki, domin an kwashe ɗaliban tun kafin nan saboda ginin ya fara lalacewa. Gardamar da ta biyo baya ita ce wa ke da alhakin gyara, mai zane ko jama'ar unguwa. Tambayar da ya kamata a amsa kafin a ɗaura ganga ta farko sai aka yi ta a kan kango.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga wanda ya ga famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu a ƙauyuka saboda roba ɗaya ta 'yan kuɗi kaɗan. Lilo yana cin igiya, noti yana kwancewa, yashi yana bin ruwa, akuya tana shiga. Idan mai waldan gari da kafinta da mai faci ne suka gina, sun san yadda za su gyara. Idan daga birni aka kawo ƙwararru suka haɗa suka tafi, ranar da abu ya karye ranar ya mutu.

Batun fili ya fi wannan tsauri. Filin da aka ce na jama'a ne da baki, ranar da gari ya matso za a ga an kafa masa tubali. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi hurumi a kan filayen karkara, kuma dagaci da mai unguwa su ne shaidun iyaka. A rubuta, a sa hannu, a dasa itatuwa a kan iyakar. Hanya mafi sauƙi ita ce harabar makarantun firamare na gwamnati, waɗanda suka haura 4,000 a jihar Kaduna, kowace da kwamitin iyaye da malamai. Matsalarta ita ce katangar da tsaro ya tilasta tana rufe filin da zarar an tashi, kuma yaron da ba ya boko, kamar almajiri da mai talla, ba shi da rabo. Ana iya sasantawa a kan buɗe ƙofa da la'asar a hannun wani dattijo ko ƙungiyar matasa. Jami'an duba-gari kuwa, waɗanda makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ta daɗe tana horarwa, su ne suka dace su duba kaya kafin a kafa, su kuma riƙa leƙawa da damina.

Abin da masu suka suke cewa

Akwai masu ganin raini a cikin lamarin: 'ya'yan masu hali a birni suna hawa sabon lilo, na talaka a ba su bola. Maganar tana da ƙanshin gaskiya idan aka yi aikin a wulaƙance, aka jibge tayoyi aka shafa fenti aka ɗauki hoto. Amsarta ita ce inganci, da kuma shawartar iyaye tun farko. Akwai kuma masu tsoron cewa kafaffen lilo zai kashe basirar da ke ƙera motar kara. Wannan ma abin dubawa ne, kuma maganinsa shi ne kada a cika filin. A bar sarari mai faɗi, shararre, domin gaɗa da langa da carafke da ƙwallo ba su buƙatar komai sai ƙasa, kuma idan ba a yi hattara ba maza za su mamaye abin hawa su kori mata. A ware wa 'yan mata da ƙanana ɓangarensu, kusa da inda uwa za ta iya hangowa. A ajiye tarin yashi da kara da laka, a bar yara da aikinsu.

Suka ta ƙarshe ita ce filin wasa ba ya magance shara. Gaskiya ne. Tayoyi hamsin ko ɗari da za su shiga fili guda ba su kai abin da tashar mota ɗaya take fitarwa ba, kuma batur da jarkar feshi, waɗanda su ne ainihin haɗari, ba su da wuri a cikinsa ko kaɗan. Waɗannan nauyin masu ƙerawa da masu shigowa da su ne, da hukumomin muhalli na jiha da na tarayya. Ribar filin wasa ta yara ce, ragin shara ƙari ne kawai.

Saboda haka garin da ke son gwadawa, ko Saulawa ne ko Gubuchi ta Makarfi ko Hunƙuyi ta Kudan, ya bi abin daki-daki. A fara da takardar fili da sa hannun dagaci da ƙaramar hukuma. A naɗa mai kula, a san inda ɗan alawus ɗinsa da kuɗin igiya da noti za su riƙa fitowa. A kira duba-gari ya tantance ƙasar da kayan, kuma abin da ya ce a mayar a mayar, ko kyautar wane ne. Sai bayan nan a aika mota ta kwaso taya. Garin da ya kasa cika sharuɗɗan farko gara ya share fili ya dasa darbejiya ya bar yara da garensu, domin hakan ya fi masa alheri a kan lilon da ba mai gyarawa da fentin da ba a san abin da ke cikinsa ba.